Ingancin Aikin Jinya da Makomar Mara Lafiya a Asibiti

Mutanen da suka taɓa kwantar da ɗan'uwansu a asibiti, idan Allah ya ba shi lafiya likita suke gode wa, idan kuma rai ya yi halinsa sukan ce kwana ne ya ƙare, ko su ɗora alhakin a kan likitan da ya yi tiyata ko ya rubuta magani, kuma da wuya a ji sun ambaci ma'aikatan jinya sai fa in ana ƙorafi a kan tsawa da ɗaure fuska. Alhali likita, duk ƙwarewarsa, 'yan mintoci yake yi a bakin gadon mara lafiya lokacin zagayen safe, sauran sa'o'in wuni da na dare kuwa suna hannun ma'aikatan jinya ne, waɗanda jama'a suka fi sani da nas, domin su ne suke ba da magani a kan lokaci, su sa ƙarin ruwa, su wanke ciwo, su auna jiki, su kuma yanke shawarar ko abin da suka gani ya kai a taso likita daga barci. Binciken da aka tara a ƙasashe da dama cikin shekaru 30 da suka wuce ya nuna cewa yawan waɗannan ma'aikata a ɗakin kwanciya, da zurfin karatunsu, da yanayin da suke aiki a ciki, suna da tasirin da ake iya aunawa da alƙaluma a kan ko mara lafiya zai koma gida da ƙafarsa ko ba zai koma ba.

Ba za a fahimci dalilin haka ba sai an fahimci yadda mutuwa take riskar wanda yake kwance a asibiti. Ba kasafai take zuwa farat ɗaya ba. Galibi wata matsala ce take biyo bayan cutar farko ko bayan tiyata, kamar zubar jini a cikin ciki, ko shigar ƙwayoyin cuta cikin jini, ko ciwon huhu, ko gudan jini da ya toshe jijiya, kuma mafi yawan waɗannan sukan nuna alama sa'o'i da dama kafin jiki ya rikice gaba ɗaya. Numfashi yakan ƙara sauri, bugun zuciya ya ƙaru, awon jini ya sauka, zafin jiki ya hau ko ya faɗi ƙasa da ƙa'ida, fitsari ya ragu, ko a ga mutumin da ɗazu yake hira ya fara sambatu. Wadda take auna waɗannan abubuwa a kan lokaci, ta rubuta su, ta kwatanta na yanzu da na ɗazu, ita ce take da damar ganin hatsarin tun yana nesa. A shekarar 1992 wani likita mai bincike a Amurka, Jeffrey Silber, shi da abokan aikinsa, suka ƙirƙiro wani ma'auni da ake iya kira gazawar ceto, wato mutuwar mara lafiya bayan ya gamu da matsalar da ake iya shawo kanta in an farga da wuri. Wani bincike da masanan Jami'ar Michigan suka buga a 2009 ya fito da muhimmancin wannan ma'auni fili, domin sun gano cewa asibitocin da ake yawan mutuwa a cikinsu bayan tiyata da waɗanda ba a cika mutuwa ba kusan daidai suke wajen yawan matsalolin da suke tasowa, bambancinsu yana wajen ceto ne: a rukunin farko kimanin kashi 21 cikin 100 na waɗanda suka gamu da babbar matsala sun rasu, a na biyu kuwa kimanin kashi 12 da rabi.

Sanin cewa kulawa a bakin gado tana raya mutum ba sabon abu ba ne. Littattafan tarihin Musulunci sun ambaci Rufaida al-Aslamiyya, wadda take da tanti a masallacin Madina inda take jinyar waɗanda aka raunata, kuma a can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan ya samu rauni a yaƙin Khandaƙ. A Turai kuwa sunan Florence Nightingale ne ya shahara, wadda ta isa asibitin sojojin Birtaniya da ke Scutari, daura da Santambul, a watan Nuwamba na 1854 tare da mata 38 masu jinya, lokacin yaƙin Kirimiya, ta tarar cututtukan ƙazanta irin su atini da zazzaɓin taifot sun fi raunin fagen daga kashe sojoji. Mace-macen sun ragu ƙwarai a 1855 bayan wani kwamitin tsafta da aka turo daga Landan ya gyara magudanan ruwa da hanyoyin shigar iska, kuma abin da ya ɗaukaka Nightingale shi ne yadda ta tattara alƙaluma ta tabbatar wa hukuma cewa yanayin jinya ne yake kisa, sannan ta kafa makarantar koyon jinya a asibitin St Thomas na Landan a 1860.

Abin da alƙaluma suka nuna

Binciken da ya fi kowanne tasiri a wannan zamani shi ne na Linda Aiken, farfesa a fannin jinya a Jami'ar Pennsylvania, wanda aka buga a 2002. Ita da abokan aikinta sun duba bayanan marasa lafiya sama da 232,000 da aka yi wa tiyata a asibitoci 168, suka haɗa da amsoshin ma'aikatan jinya sama da 10,000, suka gano cewa duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara a kan nauyin ma'aikaciyar jinya guda yana tafe da ƙarin kashi 7 cikin 100 na haɗarin mutuwa cikin kwana 30 da kwantarwa. Ma'anar wannan adadi ba wai mutum 7 cikin 100 za su rasu ba ne. Haɗarin da yake akwai tun farko ne yake ƙaruwa da wannan gwargwado, amma da yake ƙarin yana taruwa, asibitin da nas ɗaya take kula da mutum 8 ya fi wanda take kula da mutum 4 haɗari da kimanin kashi 31 cikin 100. A 2014 mujallar likitanci ta Lancet ta buga makamancin wannan bincike da aka yi a asibitoci 300 na ƙasashen Turai 9, a kan marasa lafiya sama da 420,000, sai ga adadin nan na kashi 7 ya sake fitowa, tare da wani abu na biyu: duk ƙarin kashi 10 cikin 100 na ma'aikatan jinya masu digiri a asibiti yana tafe da raguwar haɗarin mutuwa da kashi 7 cikin 100. Wannan sakamako na biyu ya kamata masu tsara manufofi su riƙe shi da kyau, domin yana nuna cewa cike gurbin ƙwararriyar ma'aikaciya da masu gajeren horo ba ya mayar da abin da aka rasa. Hannu yana ƙaruwa, amma idon da yake fassara alama bai ƙaru ba.

Masu suka sun yi tambayar da ta dace, cewa mai yiwuwa ne asibitocin da suke da yawan ma'aikatan jinya su ne kuma suke da kuɗi da kayan aiki da manyan likitoci, don haka ba lallai ne jinyar ce ta kawo bambancin ba. Jack Needleman da abokan aikinsa sun amsa wannan a 2011 ta hanyar duba asibiti guda ɗaya tak a Amurka, inda likitoci da kayan aiki ba su canja ba, suka bi kwantarwa kusan 198,000 zango bayan zango na aiki, suka gano cewa duk zangon da ma'aikatan jinya suka gaza adadin da aka tsara da sa'o'in aiki 8 ko fiye, haɗarin mutuwar marasa lafiyar da suka kwana a ƙarƙashinsa yana ƙaruwa da kashi 2 cikin 100.

Hanyar da ƙarancin ma'aikata yake bi ya zama asarar rai ita ce abin da masana suke kira jinyar da aka tsallake, wato aikin da ya wajaba a yi wa mara lafiya amma aka bar shi, ko aka jinkirta, saboda lokaci bai isa ba. A wani bincike da Jane Ball ta jagoranta a asibitocin Ingila, kashi 86 cikin 100 na ma'aikatan jinyar da aka tambaya sun ce sun bar aƙalla aiki ɗaya ba su yi ba a zangonsu na ƙarshe, kuma abin da aka fi bari shi ne zama a yi magana da mara lafiya a kwantar masa da hankali, sai ilmantar da shi game da cutarsa. Mutum zai iya ɗauka waɗannan ƙananan abubuwa ne, amma a cikin wannan 'yar hira ce nas take jin cewa ƙirji ya fara ciwo, ko ta lura mutumin ba ya amsa magana kamar yadda ya yi da safe. Haka nan juya wanda ba ya iya motsi daga ɓangare zuwa ɓangare duk bayan 'yan sa'o'i shi yake hana gyambon kwanciya, wato ciwon da yake ɓarkewa a ƙugu da diddige idan nauyin jiki ya daɗe yana danne fata har jini ya daina ratsa ta, kuma irin wannan gyambo yana iya ci har ƙashi ya zama ƙofar shigar ƙwayoyin cuta. Wanke hannu tsakanin gado da gado, da cire robar fitsari da allurar ƙarin ruwa da zarar buƙatarsu ta ƙare, suna cikin abubuwan da gaggawa take fara cinyewa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita mutum 15 cikin kowane 100 da aka kwantar suna kamuwa da wata cuta a cikin asibitin kansa, kuma kusan ɗaya cikin goma na waɗanda suka kamu yana rasuwa. Abin da ya faru a asibitin Stafford na Ingila tsakanin 2005 da 2009, inda hukumar asibitin ta rage ma'aikata don ta daidaita kasafinta har aka riƙa barin tsofaffi cikin ƙazantarsu ba ruwan sha a kusa, ya kai ga binciken Robert Francis wanda ya fito a 2013 da shawarwari 290, ya kuma nuna cewa ko a ƙasa mai arziki jinya tana iya lalacewa idan aka mayar da ita wurin tsimin kuɗi.

Wasu hukumomi sun mayar da wannan ilimi doka. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta zartar da dokar ƙayyade yawan marasa lafiya ga kowace nas a 1999, ta fara aiki a 2004, inda a yau ba a yarda nas ɗaya ta wuce mutum 5 a ɗakin kwanciya na gama-gari ba, ko mutum 2 a ɗakin kulawa ta musamman. Jihar Queensland ta Ostireliya ta bi sahu a 2016 da mutum 4 da rana da mutum 7 da dare a asibitocin gwamnati 27, kuma nazarin da aka buga a 2021 ya ƙiyasta cewa cikin shekaru biyun farko an kauce wa mutuwar mutum 145, an rage sake kwantarwa 255, kuma kuɗin da aka adana saboda gajarta kwanakin kwanciya ya ninka abin da aka kashe wajen ɗaukar ƙarin ma'aikata.

Yadda abin yake a Afirka

Galibin waɗannan alƙaluma daga ƙasashen da ake jayayya a kan mutum 4 ko 8 suka fito, alhali a asibitocin gwamnati da yawa na Afirka nas ɗaya ko biyu ne suke kwana da ɗaki cike da gadaje. Babban binciken da ya auna sakamakon tiyata a nahiyar, wanda Bruce Biccard na Jami'ar Cape Town ya jagoranta aka buga a 2018, ya bi marasa lafiya 11,422 a asibitoci 247 na ƙasashe 25, har da Najeriya da Nijar. Waɗannan marasa lafiya sun fi takwarorinsu na sauran duniya ƙuruciya da ƙoshin lafiya, kuma matsalolin da suka taso musu bayan tiyata ba su kai na can yawa ba, amma duk da haka haɗarin mutuwarsu ya ninka matsakaicin na duniya, kuma kashi 94 cikin 100 na mace-macen sun auku ne bayan ranar tiyatar, wato a ɗakin kwanciya, ba a ɗakin tiyata ba. Masu binciken sun gwada wata mafita daga baya, wadda ta ƙunshi ware masu haɗari a kusantar da gadonsu ga teburin nas a kuma yawaita auna su, sai dai sakamakon da aka buga a 2021 bai nuna raguwar mutuwa ba, kuma cikin dalilan da aka bayar akwai cewa asibitoci da yawa sun kasa aiwatar da tsarin yadda ya kamata saboda ƙarancin ma'aikata da kayan aiki. Darasin a bayyane yake, cewa umarnin a ƙara sa ido ba ya haifar da kome idan ba a ƙara masu idon ba. A Nairobi ma, David Gathara da abokan aikinsa sun zauna suna lura da jarirai 216 a ɗakunan jarirai na asibitoci 6, suka tarar kimanin kashi 60 cikin 100 ne kawai na ayyukan jinyar da kowane jariri yake buƙata ake samun yi masa, kuma gibin ya fi faɗi a inda nas ɗaya take riƙe da jarirai masu yawa.

Akwai kuma shaida mai ƙarfafa gwiwa, wadda Kano take da hannu a cikinta. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya, kuma an daɗe ana ƙiyasta yawan jinin da ido, abin da yake sa a raina shi har sai mace ta galabaita. A gwajin da ake kira E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu a kan mata sama da 210,000, wanda kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya, an ba ungozomomi wata leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai jego don jinin ya taru a ga adadinsa, aka kuma horar da su cewa da zarar ya kai wani mizani su haɗa matakan ceto gaba ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya: murza mahaifa, allurar da take sa ta tsuke, maganin tsayar da jini, ƙarin ruwa, duba inda jinin yake fitowa, da kiran likita in abin ya ci tura. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna cewa gano zubar jinin ya tashi daga kashi 51 zuwa kashi 93 cikin 100, kuma mummunan sakamako, wato zubar jini mai tsanani ko tiyatar gaggawa ko mutuwa, ya ragu da kashi 60 cikin 100. Magungunan nan duk an san su tun da daɗewa. Abin da ya canja shi ne an ba ungozomar da take bakin gado abin aunawa, da horo, da ikon ɗaukar mataki ba tare da jira ba.

Abin takaicin shi ne ma'aikatan da za su yi wannan aiki sun yi ƙaranci a inda aka fi buƙatarsu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ƙiyasta gibin ma'aikatan jinya miliyan 5.9 a duniya, kashi 89 cikin 100 nasa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi na ƙasa-ƙasa, kuma Najeriya da Nijar da Ghana suna cikin ƙasashe 55 da hukumar ta lissafa a 2023 a matsayin masu tsananin ƙarancin ma'aikatan lafiya. A watan Fabrairu na 2024 magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, Faruk Abubakar, ya bayyana cewa ma'aikatan jinya sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekaru 3, kuma matakin da hukumar ta ɗauka na sharɗanta aikin shekara 2 kafin a tantance takardun mai son fita ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas. Toshe ƙofa ba ya magance dalilin fita, wanda shi ne ƙarancin albashi da nauyin aiki da rashin kayan aiki, kuma waɗanda suke tafiya sau da yawa su ne gogaggun da ya kamata su koya wa sababbi. Arewa tana da ƙarin matsala ta ƙarancin mata masu shiga aikin daga karkara, wadda shirin Women for Health da Birtaniya ta tallafa wa daga 2012 ya yi ƙoƙarin ragewa a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, ta hanyar ba 'yan matan ƙauye karatun share fage don su cancanci shiga makarantun jinya da ungozoma su koma su yi wa garuruwansu aiki.

Wannan ƙaranci shi ya sa a asibitocin ƙasar Hausa dangi suke ɗauke da babban kaso na jinya: su sayo magani, su ciyar, su yi wanka, su zubar da fo, su kwana a baranda. Hidimarsu abar yabo ce, amma ƙauna ba ta koya wa mutum ƙirga numfashi ko gane cewa sanyin tafin hannu alamar zubar jini ce, don haka ya kamata a riƙa gaya wa mai jinya alamun da zai gani ya ruga ya kira nas, a kuma saurare shi idan ya kira. Ingila ta fara aiwatar da wani tsari a 2024 wanda ya ba dangi haƙƙin neman wata tawagar likitoci ta daban ta zo ta sake duba mara lafiya idan suna ganin jikinsa yana taɓarɓarewa ba a kula ba, bayan rasuwar wata yarinya mai shekara 13 wadda iyayenta suka yi ta nuna damuwa ba a ɗauki maganarsu ba.

Ƙorafin jama'a a kan halin wasu ma'aikatan jinya gaskiya ne, kuma ba a kare shi da uzurin gajiya. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a Najeriya da Ghana da Gini da Myanmar, wanda ya fito a 2019, ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na mata sun fuskanci wulaƙanci lokacin haihuwa a asibiti, daga zagi har mari, kuma a yankin da ƙidayar lafiya ta 2018 ta nuna kashi 16 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti, wato arewa maso yammacin Najeriya, duk macen da aka ci wa mutunci tana komawa gida da labarin da zai hana maƙwabtanta zuwa. Mara lafiyar da yake tsoron a yi masa tsawa kuma ba zai faɗi sabon ciwon da yake ji ba, ta haka rashin ladabi yake zama haɗarin rai. Hukunta mai cin zarafi wajibi ne, sai dai binciken Aiken na 2002 ya nuna cewa duk ƙarin mara lafiya ɗaya yana ƙara yiwuwar ƙosawa da ƙonewar zuciya ga ma'aikaciyar jinya da kashi 23 cikin 100, don haka hukumar da ta bar mutum biyu da ɗaki guda har gari ya waye tana da kaso a cikin tsawar da ake yi.

Gwamnatocin jihohi sun fi son gina sababbin asibitoci da sayen manyan injuna, domin su ake gani a yanke musu kyalle, amma gado ba ya auna numfashin wanda yake kwance a kansa. Ya kamata majalisun dokokin jihohi da 'yan jarida da kwamitocin ci gaban unguwanni su riƙa neman hukumomin kula da asibitoci su bayyana, ɗaki bayan ɗaki, yawan ƙwararrun ma'aikatan jinya da suke aikin dare da yawan marasa lafiyar da suke hannunsu, a kuma sa kuɗin ɗaukar sababbi da riƙe tsofaffi a kasafin kowace shekara kafin a amince da aza harsashin wani sabon gini.